Duman da Na Sare Ranar Gayya

Akwai wani tsohon masaki a ɗakin matata, yana zaune cikin ragaya sama da gadonta. Gyartai ya ɗinke shi wuri uku, bakinsa ya cinye, cikinsa ya yi ja saboda daɗewa. 'Ya'yanmu sun sha kawo mata robobi da kwanukan silba daga kasuwar Zakirai. Takan karɓa ta sa musu albarka, amma in furar ta girmamawa ce, masakin nan take saukowa da shi. Ni na noma duman da aka fafe shi, kuma laifi ne ya sa na noma shi.

Ina saurayi ban da mugunta, wannan kowa ya shaide ni. Ciwona ɗaya ne: in aka zuga ni, kaina ba ya ɗaukar komai. Musamman gangar noma. Da makaɗi ya ɗora gula a kan fata, sai in ji jinina ya tashi tun daga tafin ƙafa, abin da ke gabana kuma in daina ganinsa da idon hankali.

Ina da aboki wanda gidansu ke jingine da namu, layin gamba ɗaya ya raba gonarsu da tamu. Kakanninsa Maguzawa ne, ubansa ya shiga addinin Kirista, mu kuma gidanmu gidan allo ne. Wannan bai taɓa raba mu ba. Ran Sallah yana cikin masu babbakar kan rago a gidanmu, ran Kirsimeti ni ne farkon zuwa cin shinkafarsu. A noma kaɗai muke hamayya. Shi nomansa a natse yake, sara ɗaya bayan ɗaya, ba ya gudu ba ya tsayawa. Ni kuwa kamar an koro ni. Samarin ƙauyenmu sun rabu biyu a kan wanda ya fi wani, kuma wannan gardama tana yi mini daɗi fiye da kima.

A lokacin, saurayin da ke neman aure sai ya kai gayya gonar uban yarinya. Ya tara abokansa su nome ta a yini guda, a ga ƙarfinsa, a ga kuma ko yana da jama'a. Ni ma da magana ta fara ƙarfi tsakanin gidanmu da gidan yarinyar da nake so, aka sa mini ranar gayya lokacin maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa. Ba a sa ranar aure ba tukuna. Baffana, wanda shi ke shige mini gaba, ya ce da ni, "Wannan gayya ita ce maganarka. In ta yi kyau, mu je neman sa rana. In ka ɓata, kada ka zo mini da hawaye."

Mun fita da sassafe, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Ƙasa ta sha ruwa kwana biyu kafin nan, tana karɓar fartanya kamar tuwo. Makaɗa biyu suka biyo mu. 'Yan mata suka jeru a inuwar ɗorawa a bakin gona suna tafi, ita ma tana cikinsu da ɗan kwalinta shuɗi, tana yi kamar ba ta san da ni ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ƙasar nan da aka buɗe, ina jin ihun samari. Ban taɓa jin daɗin ƙarfina kamar ranar ba.

Rana ta ɗaga, sauran kunyoyi kaɗan, sai ɗaya daga cikin makaɗan ya ga inda kasuwa take. Ya zo ya tsaya tsakanina da abokina, kowa da kunyarsa, tawa ce ta ƙarshe a gefen gona. Ya fara da abokina: "Ga mai sara ɗaya ciyawa ta yi sallama!" Samari suka ɗauki ihu. Ya juyo kaina: "Kai kuma angon gobe, a gonar surukinka za a wuce ka? A gaban mai ɗan kwali shuɗi?" 'Yan mata suka fashe da dariya.

Shi ke nan. Na duƙa.

A ƙarshen kunyar nan, can kusa da iyaka, akwai wasu kara da aka kakkafa, kowanne da 'yar ƙaya a gindinsa. Duk ɗan ƙauye ya san ma'anar wannan: wani ya shuka abin da yake ji da shi, a yi hankali. Ga kuma ganye mai faɗi ya fara yaɗo. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: na ga karan. Har wani abu a zuciyata ya ce, tsaya ka kewaye. Amma kewayewa na nufin sara biyar ko shida a hankali, abokina kuma yana dab da kafaɗata. Na bi ta kansu. Kara, ƙaya, ganye, duk na kwashe na kife. Na fita bakin gona na ɗaga fartanya sama, samari suka ɗauke ni a kafaɗa suka yi inuwar ɗorawa da ni.

Gindin duma bakwai ne na sare. Uwar yarinyar, wadda muke kira Inna, ita ta shuka su. Irin manyan masakai ne da ta taho da shi daga gidan iyayenta can wajen Tofa, babu irinsa a ƙauyenmu. Ta shuka su ne don ƙoren da za ta jera wa 'yarta a ɗakin aure. Wato kayan ɗakin amaryata na sare da hannuna.

Abokina da ya ƙarasa kunyarsa ya ga ɓarnar, bai biyo mu ba. Ya tsuguna yana tono su ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai sauran saiwa da za a mayar. A haka Inna ta iso da mata ɗauke da tuwo da fura, ta same shi da duma a hannu, fartanyarsa a gefe.

Daga inda nake ina jin muryarta. Ta wanke shi tas. Ta ce ƙarfi ba hankali, ta ce an gayyato shi taimako ya zo da ɓarna, ta ce furar gidanta ba za ta shiga bakinsa ba. Ya ɗago kai ya dube ni. Kallo ɗaya. Ina tsaye da ludayi a hannu, zufa tana zuba, ana ta buga mini baya. Na sunkuyar da kai na kurɓi fura. Shi kuma ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida da yunwa, bai ce uffan ba.

Kwana uku na yi da wannan abu a cikina. Kowa yana yaba gayyata, baffana har ya fara maganar goron sa rana. A gefe guda kuma bakuna sun fara aiki. Na ji wata tsohuwa a bakin rijiya tana cewa ai mutanen gidan can dama ba su san darajar kayan mutane ba. Laifina ya tashi daga kan abokina ya hau kan gidansu gaba ɗaya. Na haɗu da shi a hanyar gona, ya gaishe ni kamar kullum, har da tambayar ko na huce gajiya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar kasuwar Zakirai na je na sami yarinyar inda take sayar da ƙuli-ƙuli. Na gyara hula na tsuguna.

"Sannu da kasuwa."

"Sannu sarkin noma," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Na nawa za a ba ka?"

"Ni da na zo gaisuwa?"

"Au, na zaci ka zo ka ƙarasa ne. Ga tire nan, ga ƙuli a jere, sai ka bi ta kai."

Na ce, "Me kike nufi?"

"Ina ƙarƙashin ɗorawa fa. Kowa yana kallon makaɗi, ni kai nake kallo. Wa kake so in kalla?" Ta gyara jerin ƙulinta. "Ni ba zan faɗa wa Inna ba, ba bakina ya sare ba. Amma ka sani, ba duma ne ya dame ni ba, ko a roba na ci tuwo. Mutumin da ya sha fura abokinsa na shan zagi a madadinsa, shi nake tunani. Ran da na yi laifi a gidansa, ko ran da shi ya yi, wa zai tsaya?"

Ta ɗauki ƙuli ɗaya ta miƙo mini. "Ungo. Ka ci a hanya, hanyar gidan baffanka da nisa."

Baffana da ya ji abin da na yi, da cewa zan je in faɗa, ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "Ka san za su iya fasawa?" Na ce na sani. Ya ce, "To, sa takalminka."

Mai neman aure ba ya haɗa ido da surukai, balle ya yi musu magana. Don haka na tuɓe takalmi tun daga nesa, na tsuguna a ƙofar zaure kaina a ƙasa. Uban yarinyar, Baba, yana zaune a kan buzu yana gyaran igiya. Inna tana bayan danga, ba na ganinta amma ina jin motsin tsintsiyarta. Baffana ya fara jero magana mai daɗi, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Bakin da ya sha fura shi zai faɗa."

Na faɗa. Ban rage komai ba. Tsintsiya ta tsaya.

"Malam," in ji Inna daga bayan danga, "ka tambayi yaron nan, bai ga karan da na kafa ba?"

Baba ya dube ni. "Ka ji."

Nan ne wurin da ya fi wuya. In na ce ban gani ba, babu mai ƙaryata ni a duniya. Na ce, "Na gani, Baba."

"Malam, ka tambaye shi, ƙayar fa?"

"Ka ji."

"Ita ma na gani."

"To Malam, ka gaya masa ni ban taɓa ganin sakarai mai idanu biyu irinsa ba."

"Ka ji," in ji Baba, gemunsa yana motsi, yana ta kokawa da dariya.

Can Inna ta ce akwai sauran ƙwayar iri huɗu da ta ƙulle a tsumma. Lokacin shuka ya kusa wucewa, amma in je in shuka su a inda na sare. Kada fartanya ta kusance su, da hannu zan cire ciyawa. Ran da duma ya bushe a kan uwarsa, a zo a yi maganar rana. In bai yi ba, to, babu ƙoren da za a kai yarinya da su, ita kuma ba ta aurar da 'ya hannu sake.

"Kafin nan kuma, Malam, ka ce ya jira."

Muka jira. Sai ga ƙwarya cike da fura an turo ta ƙarƙashin danga, an rufe da faifai, ga gammo a kai. Inna ta ce in ɗora a kaina, in bi ta tsakiyar gari, in kai wa wanda ta hana, in gaya masa a gaban ubansa cewa ta ci haƙƙinsa ya yafe mata.

Da rana tsaka ƙaton saurayi ya ɗauki ƙwarya a ka kamar mai tallar nono. Mata suka fito ƙofar gida. Masu zama a gindin ceɗiya suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Wani ya ɗaga murya, "Mai fura, kawo ta nan!" Abin mamaki, ban ji nauyin da na yi zato ba. Tun ranar gayya ban yi tafiya mai sauƙi irin wannan ba.

Abokina yana gyaran ƙotar garma a ƙofar gidansu. Na sauke, na faɗi saƙo, na ƙara da nawa. Ya buɗe faifai ya leƙa.

"Da nono?"

"Da nono."

Ya zauna ya gyara ƙafa, ya sha, ya huta, ya ƙara sha. Ina tsugune ina haɗiyar yawu. Sai da ya ga gindin ƙwarya ya miƙo mini ita. "Ga ta, ka wanke kafin ka mayar. Kai ka sha taka tun ran nan."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a fasa aurenka, ka dawo ka ishe ni da kuka a kan iyaka? Na ba ka mako guda a raina. Ka zo da wuri ma."

Cikin ƙwaya huɗu, uku suka tsiro. A wurinsu na koyi abin da ban koya a ko'ina ba. Kowace safiya kafin in shiga gonarmu sai na je na tsuguna na tsinci ciyawa da yatsu. Da suka yi fure fari suka fara 'ya'ya, saƙo ya zo daga Inna ta bakin Baba: a tsinke duka a bar ɗa guda a kowane gindi, in ana son ya yi girma. Hannuna bai so ba, amma na tsinke. Wani saƙon ya zo: a zaunar da kowanne a kan gindinsa bisa gammon ciyawa, in ba haka ba zai kwanta ya karkace. Ruwa ya ɗauke suna tsakiyar girma, na koma ɗibar ruwa a garwa daga rijiya safe da yamma. Abokina yakan biyo ya tsaya hannu a ƙugu. "Yaya masu jego? Sun kwana lafiya?"

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, rumbuna suka cika. Kaka lokacin aure ce. Yau a kai amaryar wannan, jibi ta wancan, duk sa'o'ina. Ni kuwa ina zaune gaban duma uku, manya ƙwarai, kowanne sai an rungume shi da hannu biyu, amma wuyansu ɗanye shar. Ran da aka ɗaura auren wani ƙanina a shekaru, kiɗa yana tashi daga cikin gari, tsohon ciwon ya motsa. Na ce a raina, rana ai rana ce, ko a gona ko a kan rumbu. Na zaro wuƙa na yanke guda, na kai shi kan rumbunmu ya bushe da sauri.

Cikin kwanaki ya motse, gefe guda ya lotsa, ya yi baƙi. Wannan karon ban jira kowa ya tura ni ba. Na ɗauke shi na kai ƙofar zaure na ajiye, na tsuguna.

"Malam," in ji murya daga bayan danga, "ka gaya masa saura biyu."

Baba ya juya ruɓaɓɓen duman da ƙafa, ya ce, "Zafin nan naka ba na ƙinsa, yaro. Shi ya nome mini gona a yini guda. Amma ka ga in za mu ƙona shara a gona, mukan share kewaye tukuna, sannan mu kunna. Kai kunnawa kake fara yi."

Na koma na zauna da biyun. Na bar wuƙa a gida, don na san kaina. In kiɗa ya tashi a gari sai in tafi gona in ƙirga ganyen da suka bushe. A hankali yaɗon ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, wuyan duma ya ƙanƙance ya zama kamar igiya. Wata safiya na ɗaga guda na girgiza, na ji 'ya'ya suna kaɗawa a ciki. Ban taɓa shi da komai ba. Na mayar da shi kan gammonsa na aika a faɗa.

Inna da kanta ta zo, da mata biyu a bayanta. Na ja gefe na juya baya yadda ya kamata. Na ji ta ƙwanƙwasa, na ji ta girgiza, sai guɗa ta tashi har tsuntsaye suka watse daga kan ɗorawa. Sannan ta ce, "Kai. Ɗauko mana." Ba ta ce Malam ya gaya mini ba. A iya zamanmu da ita har Allah ya karɓi ranta, wannan ce kaɗai maganar da ta yi mini kai tsaye, kuma ban taɓa samun lambar girma da ta kai ta ba. A makon aka sa rana.

Duma biyu suka ba da ƙwarya huɗu. Uku sun tafi da shekaru, ta huɗun ita ce masakin da ke cikin ragaya.

Ba zan ce na warke ba. Na taɓa sayar da jakin da ya fi kowanne don ya harbe ni sau ɗaya. Na yi shekara ba na gaisawa da ƙanina a kan taku biyu na iyaka. Da babban ɗana ya ce zai tafi noman rani Watari, na yi masa faɗan da har yau in na tuna nakan nemi gafarar Allah, ga shi kuwa shi ke aiko mana da tumatir da albasa. Amma da yawa na tsallake, kuma ba da wayona ba. In matata ta ga jijiyar wuyana ta tashi, takan ce a hankali, ko a gaban baƙi, "Malam, ka ga karan?" Ba mai gane abin da take nufi sai ni. Sau da dama nakan kewaye.

Yanzu gayya ta yi wuya, maganin feshi ya karɓe aikin samari. Amma duk shekara in gero ya kai gwiwa, takan sauko da masakin ta dama fura, ni kuma in kai gidan da ke jingine da namu. Bana wuyana ya ƙi gammo, sai na rungume shi a ƙirji, sanda a hammata, ina tafiya ina hutawa. Abokina idanunsa sun yi rauni, amma ya san takuna.

"Mai fura ce?"

"Ita ce."

"Da nono?"

"Da nono, tsohon banza."

Ya laluba ya karɓa, ya sha, ya huta, ya ƙara sha. Da ya rage kaɗan a gindi sai ya tsaya, ya yi kamar yana shawara da zuciyarsa, sannan ya miƙo mini ludayin.

"Ungo. Bana na ga ka fara hankali."